Ni da Surukina da Goransa a Bakin Tekun Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo rumfa: "Tela, wai da gaske teku ba ta da ƙetare?" Kafin in amsa, wani ya zauna a kan yadin mutane yana tambayar abin da suke ci a can. Har hannun riga na haɗa a baibai saboda surutu. To, tun da Allah ya sa na yi ajin yaƙi da jahilci, ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in nemi abincina. Masu kirana da sabon sunan nan kuma ku matso, ku ji inda aka samo shi daga bakin mai shi.

Kowa a Tambuwal ya san bayan Babbar Sallah tela ba shi da aiki sai korar ƙuda. Abokina Garba, mutumin Jega da ke fataucin albasa a zangon Kwatano, ya daɗe yana aiko mini in zo in huta in ga atamfofi. Bana, shekara guda da samun mulkin kai, na ce ni ma bari in ci nawa 'yancin. Na zauna na ɗinka wa kaina buje, wandon nan mai faɗi, na zuba masa yadi ba tausayi, na yi masa aikin kore a ƙafa, don mutanen bakin teku su san akwai tela a Tambuwal.

Ashe labari ya kai wa surukina. Mahaifin matata Kulu shi ne Sarkin Ruwa na wani ƙauye a bakin gulbin Ka, kusa da Fakku. Tsoho ne siriri, maganarsa ba ta da yawa, kirarinsa kuwa tun yana saurayi shi ne babu ruwan da ya gani bai shiga ba. Ana nan sai wani Bawa mai goro, wanda ya taɓa zuwa Gwanja ya hango teku, ya tare shi ranar kasuwa ya ce, "Sarkin Ruwa, ai kududdufi kaka sarauta. Ka shiga teku?" Jama'a suka fashe da dariya. Maganar ta bi gari, har masunta na bayansa suka fara ƙunshe baki in ya wuce. Tsoho ya daina fita majalisa.

Ranar tafiya da safe na fito da akwatina, sai ga Baba zaune a zaurena da rawaninsa, ga wani ƙaton gora a gefensa, irin wanda masunta ke kwanciya a kai su bi ruwa. Na cire takalmi na durƙusa.

"Tela, an ce teku za ka."

"I, Baba."

"To, mu tafi."

Shi ke nan shawarar da aka yi da ni. Na koma cikin gida kamar na manta wani abu, na tarar Kulu ta riga ta ji. Ta riƙe bakin rigata, idonta ya kawo ruwa. "Malam, ka san halin Baba, in yag ga ruwa hankalinai ba ya jikinai. Ga tsufa, ga gwiwa ta mutu. Ka yi man alkawari ko yatsa ba ka bari shi sa cikin ruwan nan. Busasshe za ka tafi da shi, busasshe nika son abuna." Na yi alkawari. Amma ku gaya mini, jama'a, ta yaya mutum zai hana surukinsa abu? Mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba!

Muka shiga babbar mota mai bodin katako. Direba ya ce a ɗaure gora a sama, Baba ya ce, "Wanga gora ya girme ka," ya ɗora shi a cinya. Ni kuwa ba zan zauna hannu sake surukina na ɗauke da kaya ba, sai na karɓa. Saboda haka masu tambayata yadda hanyar Jega da Birnin Kebbi take, ku yi haƙuri, ban gan ta ba. Daga Tambuwal har Kamba cikin gora nake kallo.

Babbar wahalar ma ba ita ce wannan ba, yunwa ce. Kulu ta soya mini kaza, ƙanshinta na tashi daga cikin jaka, ga Baba kafaɗa da kafaɗa da ni. Wa ya taɓa tauna a gaban suruki? Kowa a motar na ci, ni ina haɗiyar yawu, cikina na ƙugi har na riƙa yin tari don in rufe ƙarar. Can bayan azahar sai Baba ya ja rawani ya rufe fuska, ya kama minshari mai ƙarfi. Na faɗa wa kazar nan ba bisimilla mai tsawo. Ina goge hannu minshari ya tsaya cak, ya buɗe fuska ya ce, "Barcin mota da daɗi." Haka muka yi ta yi har Kwatano. Duk lokacin cin abinci barci ke kama Baba, ko da tsaye yake.

A bakin iyaka, bayan Kamba, jandarmomi suka sauke mu. Har yanzu ƙasar Faranshi muke ce wa wancan gefen, ko da yake su ma sun karɓi mulkinsu. Wani dogon jandarma mai gajeren wando ya ƙwanƙwasa gora, ya kara kunne, ya zura hannu har kafaɗa yana neman kayan fasa-ƙwauri. Ya fito da busasshen kifi. Ya sake zurawa ya fito da ƙuli-ƙuli. Da ya ji Baba Sarkin Ruwa ne sai ya sara masa, ya ce shi ma kakansa masunci ne a Gaya, amma kifin bai dawo ba. Daga nan aka ce kowa ya nuna tabon lambar rigakafi a dantse. Na Baba na kusa, ya naɗe hannun riga kawai. Nawa kuwa can sama yake, sai an tuɓe. Na roƙi jandarma da Hausa da hannu da ido, har ya gaji ya zagaya da ni bayan bukka, yana ta dariya yana kiran abokansa su zo su ga mutumin da ke jin kunyar tsoho.

Da muka hau gadar Kwara Baba ya leƙa ya ce, "Wagga na shige ta tun ba a haifi uwar Kulu ba." Bai ƙara ba. Ni abin da ya ɗauke mini hankali shi ne tuƙinsu. Mu a nan mota hagu take bi, su kuwa dama. Motar farko da ta tunkaro mu na tabbata direbanmu ya yi barci, na ƙwala salati na rungume gora, mata suka yi ta kallona. Sai da muka wuce Kandi na daina rufe ido.

A Faraku muka shiga jirgin ƙasa. Wata ƙatuwar mata mai sayar da abarba ta zauna a gabanmu, tana jin Hausar zango. Ba sallama ba komai ta ajiye mini kwandonta a ƙafa, ta ciro lofe ta kunna, tana busa hayaƙi a gaban maza. Ta taya goran Baba, wai za ta riƙa zuba manja. Baba ya kau da kai ta taga. Da ta ji inda za mu da dalilin zuwan, sai ta cire lofe daga baki ta ce, "Baba, tekun can ba ta wasa. Mijina a cikinta ya tashi, a cikinta ya tafi." Ta fere abarba ta miƙa mana. Nan take barci ya kama Baba.

Garba ya tarbe mu hannu bibbiyu. Ya share ɗaki guda ya shimfiɗa tabarma biyu gefe da gefe. Na ja shi waje na ce, "Kai Garba, zaman bariki ya cinye maka hankali? Ɗaki ɗaya da surukina?" Na kwashe tabarmata na koma rumfar albasa. Har yau in na yi zufa Kulu na cewa miya take ji.

Wanda duk zai je hutu Kwatano, ga abin da zan gaya masa. Ya fara da kasuwar bakin tafki, amma ya bar girman kansa a gida, don mata ke da kasuwar. Su ke saye, su ke sayarwa, su ke tuƙa kwalekwale, in ka taɓa atamfa ba ka saya ba su wanke ka da yarensu tas. Na ga zanen da ban taɓa gani ba, na ga kuma ɗinkin da in ni na yi shi a Tambuwal sai an kai ni gaban alƙali. Kada ya fita da tsakar rana, don gari gaba ɗaya rufewa yake, kanti da ofis, kowa ya tafi barci kamar an yi musu dole. Gaisuwarsu kuma ba ta da jela. Kalma ɗaya, an wuce. Na tsaya tambayar wani mai kanti gida da iyali da gajiya, ya ɗauka bara na zo.

Abinci kuwa sai wanda ya gani. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, na farko da na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Akwai akasa, wani farin tuwo mai tsami a naɗe cikin ganye, da miyar manja wadda ƙaguwa ke leƙowa daga ciki da ƙafafunta duka. Na ce wa matar Garba a ƙasarmu in ƙaguwa ta shiga koma jefar da ita ake yi. Ta ce shi ya sa muke a bushe. Ruwan kwakwa dai ban ga na biyunsa ba, shi na yi ta sha.

Mun je kallon jiragen ruwa. Wata doguwar gada ce ta ƙarfe ta miƙe cikin ruwa ta tsaya, jiragen kuwa can nesa suke, ba sa matsowa. Kaya da mutane duk a cikin wani akwati ake zuba su, inji ya ɗaga ya sauke cikin kwalekwale. Da idona na ga wani Bature da matarsa suna lilo a sama, tana ihu tana riƙe da hula. Garba ya kai mu wani gari da aka kafa bisa turaku a tsakiyar tafki, inda ko gidan maƙwabci za ka sai da jirgi. A nan na fara ganin haƙoran Baba. Ya karɓi filafili daga hannun mai jirgin ya tuƙa mu da kansa, suna ta hira, ba wanda ke jin yaren wani. Mun kuma ɗauki hoto a gaban labule mai zanen jirgi. Mai hoto ya yi ta cewa in matso kusa da tsoho, ni ina ja da baya, shi ya sa a hoton kafaɗata da kunne ɗaya kawai suka fito.

Amma duk wannan rakiya ce, Baba teku ta kawo shi. Ranar da muka fara zuwa, tun ba mu gan ta ba muke jin ruri. Da muka hau tudun yashi, sai ga ta. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, yana tasowa ya fi tsayin zaure, ya faɗi, ya ja da baya, ya sake tasowa. Baba ya yi mata sallama kamar yadda yake yi wa gulbi, ya kafa kara a bakin ruwa don ya ga ko tana ƙaruwa, ya zauna da gora a gefe. Ni na zauna a bayansa, na shirya in ya miƙe in faɗa gabansa in yi ta magiya, don iyakar dabarata ke nan. Kafin la'asar ruwa ya cinye karan, ya kore mu baya. Baba ya girgiza kai. "Abin da gulbinmu ka yi damina guda, shi taka yi kafin a yi sallah biyu."

Kullum sai mun koma. Ya kalli masuntan wurin suna jan wata doguwar koma da waƙa, ya kalli yadda suke jiran igiyar ruwa ta faɗi kafin su tura jirgi. Ni kuwa hutuna ya zama gadi, ko ruwan kwakwa nake sha idona na kan ƙafarsa. Ranar ƙarshe da hantsi sai ya yi magana bai juyo ba.

"Tela, kwantar da hankalinka. Na san abin da Kulu tac ce maka. Ruwan da ba shi da ƙetare ba a shiga tai, sai dai a gaishe shi. Bawa shi yi dariyatai."

Na ji daɗi, kuma na ji tausayi ya kama ni, don na ga yadda ya sunkuyar da kai. Tsoho ya ƙetare ƙasa biyu da gora, zai koma a ci gaba da yi masa dariya. Sai wata dabara ta zo mini. Na ce bari in cika kwalba da ruwan teku, ko ba komai a ɗanɗana wa Bawa gishiri ya san mun zo. Na tuɓe babbar riga na ninke, na rage 'yar shara, na tattare ƙafar buje.

Na yi abin da kowane ɗan bakin gulbi zai yi. Ruwa ya ja baya, na bi shi. Ya ƙara ja, na ƙara bi, ina mita wai ruwa na gudun mutum. Na sunkuya na kafa kwalba, na juya wa teku baya don in nuna wa Baba. Na ga ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu, na ji masunta na ihu, na ɗauka gaishe ni suke.

Ban san abin da ya buge ni ba. Na ga sama a ƙasa, yashi a baki, gishiri a hanci. Na yunƙura in tashi, ashe bujen nan da na zuba wa yadi ya sha ruwa ya cika tim kamar buhun gero, yana jana ciki. Na kira sunan Allah, na kira na Kulu, ruwa ya shige bakin. Can na ji an damƙi wuyan rigata. Baba ne, kwance bisa goransa, igiya ta ɗaga mu tare ta sauke. Ya daka mini tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba: "Riƙe gora, ɗan nema!" Na rungume abin nan da na yi ta tsine wa tun daga Tambuwal. Ya laluba ƙuguna, na ji sanyin wuƙa, ya yanke zariya. Buje ya tafi. Nan da nan na ji na yi sakayau. Ya jira wata igiya ta taso, ya tura mu bisa bayanta, masunta suka shigo suka fizge mu.

Ina kwance bisa yashi ina amayar da teku, sai na ji mata masu jiran kifi sun kwashe da shewa. Na duba jikina. 'Yar shara ce kawai, ita ma ta naɗe a hammata, babbar rigata kuwa ruwa ya tafi da ita tun tuni. Ni da na zagaya bayan bukka don dantse! Na roƙi ƙasa ta tsage. Baba yana haki, ya juya mini baya, ya warware rawaninsa na sarauta, ya miƙo ta bayansa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ran nan. Da rawanin Sarkin Ruwa na yi ɗaurin ƙugu muka ratsa gari har zango.

A hanyar dawowa ba wanda ya tada maganar. Na raka shi har ƙauyensu, muka dace da ranar kasuwa, kuma Kulu ta riga mu zuwa can tana jira. Kafin mu sauke gora an kewaye mu. Bawa ya ratso jama'a yana tauna goro.

"Sarkin Ruwa, barka da hanya! To, an shiga?"

Baba ya ce, "Na gane ta, na gaishe ta. Teku ta fi gaban tsoho."

"Ba gaisuwa nika tambaya ba. Ka shiga ko ba ka shiga ba?"

Baba ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Dariya ta fara tashi daga baya. Sai a lokacin na gane. In ya ce ya shiga, za a tambayi dalili, dalilin kuwa ni ne tsirara a gaban matan Kwatano, ga alkawarin da na yi wa 'yarsa. Abin da ya je nema ya samu, yana hannunsa, amma ya zaɓi ya haɗiye don ya rufa mini asiri. Zuciyata ta karye. Ban san lokacin da na hau kan wani turmi ba.

"Ya shiga! Wallahi ya shiga, har inda masuntan can ba su zuwa sai da jirgi! Ni yac ciro!"

Na zayyana musu komai, da kwalba, da buje, da zariya, da rawani, ban rage ko zare ba. Kasuwa ta kece. Wasu har da faɗuwa ƙasa, amma ba Baba ake wa dariya ba. Masunta suka ɗaga gora sama suna yi masa kirari, wani makaɗi ya saki kalangu, Bawa ya cire hula ya durƙusa ya ce a yafe masa. Kafin in sauko daga turmi wani shaƙiyyi ya ce, "Allah shi daɗe da ran Tela Ba-Wando!" Sunan ya riga ni isa Tambuwal. In wani ya je Kwatano ya ga kifi sanye da buje mai aikin kore, nawa ne, a karɓo mini.

Kulu ta same ni a bayan rumbu. Ta ce, "Busasshe nac ce." Na ce haka ne. Ta daɗe tana kallona, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, ban sani ba kuka ne ko dariya, ina jin duka biyun ne.

Da aka kawo tuwo na ɗauki nawa zan zagaya, kamar yadda na saba. Baba ya ce, "Ina za ka?" Ya jawo akushinsa tsakiya, ya nuna mini tabarma kusa da shi. "Zamna, ɗana. Wanda nig gani yadda uwatai tah haife shi, wace kunya tar rage? Ni kau na gaji da barcin ƙarya."

Na zauna, na wanke hannu. Na kai loma ta farko, shi kuwa ya turo mini tsokar kifin gabana.